Tawadar Surukina da Alƙalami Mai Dalala

Ni mutum ne mai raina biro. Gara in faɗa tun da wuri, don duk abin da ya same ni daga nan ya taso. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare a Yelwa ba a san ni da komai ba sai hannu. Lissafi kam a bar wa masu shi. Amma idan ƙarshen shekara ya zo, hedimastoci tun daga Shanga har Ngaski sukan ɗauro takardun shaidar yara a bayan babur su kawo mini in rubuta sunaye, kuma ban taɓa ɗora biro a kan takardar ɗan kowa ba. Alƙalami mai shan tawada nake riƙewa, irin wanda ake tsoma bakinsa a kwalba a matsa cikinsa ya zuƙa. Ina da guda biyar a cikin gwangwanin alewa, da reza guda a aljihu don kankare ɗigo idan tsautsayi ya gitta. Ko maiɗakina ta san gwangwanin nan ba a ɗaga shi don shara.

Akwai na shida, amma shi korarre ne. Wani baƙin alƙalami ne mai ƙiba da na saya a hannun mai tebur a tasha. Ranar da aka yi bikin sallamata daga aiki na soke shi a aljihun farar rigata, na miƙe ina jawabi. Sai na ga jama'a sun zuba wa ƙirjina ido, ko tari babu mai yi. Na ce a raina, lallai maganar nan ta ratsa su, na ƙara tsawaita ta. Ashe dalala alƙalamin yake yi, shuɗi ya sauko daga aljihu har cibiya. Ina isa gida na wurga shi bayan randa. Maiɗakina ta tsince shi, ta mayar da shi abin zura mazagi a wandunan jikoki, ta ce ai ya fi tsinke daɗin riƙo.

To, ga surukina, mahaifin maiɗakin tawa. Masunci ne tun yana tsayin filafilin tuƙa jirgi. An haife shi a wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, kafin a datse ruwa a Kainji tafki ya haɗiye garinsu. Yana saurayi aka kwashe su aka dawo da su tudu. Abin da ya fi kowa sani a bakin ruwan nan shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa: inda kututturen giginya suke tsaye har yau, inda dutsen da mata ke wanki a kansa yake kwance, inda tsohuwar hanyar shanu ta bi. Yaran yanzu suna tsere da inji a kan ruwa kamar filin ƙwallo, ba su san a kan kurmi suke gudu ba. Ƙannen maiɗakina biyu ke riƙe da jirginsa, kuma a shekara guda kututture ya yage musu taru, wani dutse kuma ya ɓalle musu farfelar inji. Shi kuwa tsohon, yanar ido ta fara rufe masa gani. Duwatsun tudu da itatuwan da yake auna wuri da su, kullum ƙara dushewa suke yi. Ya san idan idon ya tafi, ƙasar nan ta nutse karo na biyu.

Da farko an gwada adana saninsa a waya. Ya zauna ya yi ta bayani ana ɗauka, sati bai cika ba wayar ta subuce daga aljihun ɗansa ta bi giwan ruwa. Sai aka tuna da ni. Na ɗauki littafi na rubuta masa shafi goma sha da tawadar kanti, shuɗiya mai kyau, hannu kamar na injin buga takarda. Littafin ya shiga jirgi ranar Asabar, igiyar ruwa ta watso sau ɗaya, ya dawo ranar Lahadi kamar an rina zane. Ko harafi ɗaya bai tsira ba.

Ɗansa ya ce a rubuta da biro mana. Tsohon ya juya wajen da nake ya ce, "Malam, ba kai ka ce mini biro ba alƙalami ba ne? Ka ce na jarabawa ne da sa hannun 'yan siyasa?"

Na ce na faɗa, Baba. Ya zan yi? Shekara da shekaru ina zama a tabarmarsa ina zagin biro, ashe yana ajiyewa.

Ya ce, "To bari, ni zan haɗa maka tawada."

Dabarar daga rinin taru ya samo ta. Masuntan da, kafin zaren roba, sukan jiƙa tarunsu a ruwan bagaruwa don kada ya ruɓe. Ya ce tun yana yaro ya lura idan ruwan nan ya taɓa ƙusa mai tsatsa sai ya yi baƙi, kuma idan ya ɗiga a riga, rigar za ta tsufa ta yage tabon yana nan. Ya sa aka daka bagaruwa aka jiƙa, ya zuba tsofaffin ƙusoshin jirgi a ciki, ya narka ƙaro ya ƙara, ya toshe a kwalbar maganin tari. Da zai miƙo mini ya fara cewa, "Amma fa tana da hali, sai ka..." Ni kuwa na riga na karɓa ina godiya, ina cewa kada ya damu, ai na san tawada. A raina cewa nake, yau masunci ne zai koya mini rubutu?

Washegari da hantsi na baje tabarma, na ɗebo ragowar takardun makaranta, na shayar da alƙalami na farko. Na ja layi. Babu komai. Na ɗaga takardar a rana, sai wata 'yar alama kamar an ɗiga ruwan shayin da aka mayar wa ruwa sau uku. Na canza alƙalami, haka. Na canza wani, haka. Raina ya ɓaci. Kowa ya san mai gwada alƙalami abin da ke zuciyarsa yake rubutawa, ni kuma tunda na ga ba ya fitowa sai na saki hannu. Na cika takarda ta fi goma, na tattara na jefa a kwandon da nake zuba tsofaffin takardu, na tafi majalisa ina huci.

Abin da na manta shi ne daga kwandon nan maiɗakina ke ɗibar takardar ƙunshe kifi. Takan soya karfasa ta sayar a ƙofar gida, kuma kullum da la'asar sai ta ƙunshe mafi girma ta aika wa mahaifinta.

Kashegari bayan azahar wayata ta yi ƙara. Ƙanwar maiɗakina ce, ma'aikaciyar jinya, abokiyar wasata wadda ba ta taɓa raga mini ba tun tana 'yar makaranta. Ta ce, "Mijinmu, Baba na kira. Ka zo da Yaya." Muryarta na rawa kamar mai riƙe dariya, amma ban kawo komai ba.

Muka tarar da shi a inuwar mangwaro, ƙanwar tana gefe riƙe da takardu uku masu maiƙo. Tun daga nesa na hango hannuna, baƙi ƙirin, kowane harafi a tsaye kamar soja. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

Ya ce mata, "Karanta. Ki ɗaga murya, kunnena ma ya fara bin idona."

Ta gyara zama ta karanta, tana jan kowace kalma: "Wannan ba tawada ba ce, ruwan wankin kifi ne."

Ta ci gaba.

"Tsoho ya bar kamun kifi ya koma boka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara talatin da wani abu ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba don kunya, yau ga ni ana karanta masa cikina.

"Allah Ka raba mu da suruki mai basira."

Ta juya ta ƙarshe, ta dubi yayarta, ta dube ni, ta karanta a hankali: "Da na sani da ɗiyar tela na aura."

Maiɗakina ta ce, "Iye?"

Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi takardun. Ya kawo su dab da hancinsa, ya juya su gefen idon da ya fi gani. Ya ce, "Baƙa ce?" Aka ce baƙa ce ƙirin, Baba. Ya jawo butarsa ya kwarara wa takardar ruwa, ya murza da babban yatsa, ya ce a sake karantawa. Aka sake karanta zagina tsaf, ko wasali bai goge ba. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Alhamdu lillahi! Ta kama! Abin da nike son gaya maka ke nan, Malam, ka hana ni. Fara take fitowa, sai ta kwana ta sha iska sannan ta yi baƙi. In ta yi kuwa, ko kogi bai fidda ta." Ya ware takarda ɗaya ya miƙa wa ƙaramar. "Wannan ta suruki mai basira a aje mini, shaida ce daga hannun malami. Batun ɗiyar tela kuwa ba ruwana, ku kashe shi can gida."

Ba a kashe shi da wuri ba. Kwana tara ban ga kifi a kwanona ba, a gidan da ake soya shi safe da yamma. In na yi magana sai ta ce, "Malam, ai ɗiyar tela ta fi ni iya suya." Sauran takardun kuwa sun bi masu sayen kifi sun watsu a unguwa. Har yau akwai wani mai gyaran babur da ba ya gaishe ni sai ya tambaye ni lafiyar boka.

Na ɗauka an gama wahala, ashe yanzu aka fara. Tawada ta nuna tana kamawa, amma ba ta yarda ta zauna da alƙalami ko ɗaya ba. Alƙaluman da na bari da ita a cikinsu kwana biyun nan, da na buɗe su sai na tarar ƙaro ya daskare musu a maƙogwaro. Na jiƙa su a ruwan ɗumi, na lallashe su, na sake gwadawa. Wani siriri da wani aminina ya kawo mini tsaraba daga aikin hajji, wanda nake ji da shi kamar ƙwai, ya rubuta kalma biyu ya ƙame. Na girgiza shi, ya fesa wa bango. Ban ga komai ba a ranar, sai da gari ya waye bangon ɗakin baƙi ya fito da zane kamar jikin zabo. Wani mai bakin ƙarfe fari ya yi kwana huɗu yana aiki kamar abin arziki, rana ta biyar na ga tsatsa ta ci masa baki, yana kartar takarda kamar kaza. Na zauna na riƙe shi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Da shi na rubuta sunayen yara da yawa waɗanda yanzu suke da jikoki.

Na ce bari in koma wa na gargajiya, na feƙe kara irin na allo. Shi kam bai ƙi ta ba, amma kowane harafi ya kai girman gyaɗa. Da shi zan rubuta tafkin nan, sai dai a sassaƙa wa littafin jirginsa daban. Na ce ko dattin da ke cikin tawadar ne, na tace ta da wani ƙyalle mai laushi da na gani a kan igiya. Da safe ƙyallen ya zama ɗankwalin fitar unguwar maiɗakina, da baƙin tabo a tsakiya. Aka ƙara mini kwana biyar.

Na koma wurin tsohon na ce, Baba, a rage ƙaron nan, ko a ƙara mata ruwa, ta kashe mini alƙalami uku.

Ya ce, "Tawada ba ta da laifi. In anka rage ƙaro ba ta riƙe takarda. Ku dai nemo mata abokin zama, kowace ƙwarya da abokiyar burminta." Sai ya ɗaga fuska wajen tafki. "Amma ka hanzarta, Malam. Ruwa ya ja yanzu, kawunan kututture sun fito. In ya dawo ya rufe su, ban san ko idona zai jira wata shekara ba."

Wannan maganar ta hana ni sakat. Saura alƙalami biyu a gwangwani, kuma na san in na shayar da su kashe su zan yi a banza. Ina zaune a tsakar gida na zuba tagumi, maiɗakina tana gefe tana zura mazagi a wandon jikanmu. Ta gama, ta kwance zaren daga jikin korarren nan, ta cilla mini shi a cinya.

"Ga wannan ma ka kashe, tunda ka gama da masu mutunci."

Don haushi na ɗauka. Na ce ai gara shi, in ya mutu ya biya mini rigata. Na wanke shi, na tsoma, ya zuƙa har da ƙara kamar mai shan kunu. Na ɗora a takarda.

Kai! Sai ga shi yana tafiya sumul. Babu ƙamewa, babu karta, babu dalala. Tawadar nan marowaciya ce, ba ta son fita, shi kuma alƙalamin almubazzari ne, duk abin da ya shiga cikinsa sai ya zubar. Rowarta ta taka masa birki, sakin hannunsa ya jawo ta waje. Na cika shafi guda, wannan karon da addu'o'i da sunayen kifaye, don na ga aya. Da safe rubutun ya fito baƙi, mai kauri, daidai idon mai karatu a cikin jirgi. Sharaɗinsa ɗaya ne, da an gama aiki a kurkure masa ciki da ruwan ɗumi, kada ta kwana a jikinsa. Na je na nuna wa maiɗakina, ta dube shi ta ce, "To da me zan zura mazagi?" A ranar kifi ya dawo kwanona.

Na tattara ragowar takardun shaida masu kauri, na kai wa baduku ya ɗinke su da bangon fata. Muka fara fita. Ni ɗan gari ne, ruwan da na sani shi ne na buta, saboda haka zaman farko a cikin jirgi ban rubuta komai ba sai salati da na yi ta ja. Ɗansa babba yana baya a kan inji, tsohon yana gaba yana ƙifta ido yana nuna hanya, ni ina tsakiya, kwalba a matse tsakanin ƙafafuna. Idan mun isa wuri sai ya ɗaga hannu a kashe inji.

"Rubuta. In kukar can mai reshe ɗaya ta shiga tsakiyar dutsen nan mai kama da tozo, kana kan giginyu bakwai. Kada ka saki taru. Ka matsa har kukar ta fita daga dutse, nan akwai tarwaɗa."

Wani wurin kuma ya ce, "Nan kasuwa ce. Ƙasa ce shimfiɗe, saki tarunka ka yi barci."

Rubutu da tawadar da ba ka gani aiki ne na daban. Sai in ɗora yatsa a inda na tsaya don kada in hau kan layin da na riga na rubuta, jirgi na rawa, rana na dukan takarda. Da safe kafin in karya sai in buɗe littafin in ga abin da na yi jiya, gabana na faɗuwa kamar ɗalibi ranar sakamako. Wani lokaci tsohon yakan rikice ya ce a goge, in ce Baba ai taka ce, ba ta goguwa. Sai ya ce to ja layi ka rubuta a ƙasa cewa tsoho ne ya yi ƙarya. Akwai wurare uku a littafin da aka rubuta hakan. Mun yi sati biyar muna wannan, kuma zan faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin zama da mutum kamar zaman nan ba.

Ranar ƙarshe ya sa aka nausa da mu nesa, inda babu kututture ko ɗaya, ruwa ne kawai shimfiɗe ko'ina. Ya daɗe yana duban tudu, yana rufe ido ɗaya yana buɗewa, sannan ya ce a kashe. Ɗansa ya sunkuya yana kwance wata ciyawa da ta naɗe farfela, bai ma san ana magana ba.

Tsohon ya ce, "Buɗe sabon shafi. Nan gidanmu yake."

Ya fara faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ranar an yi zafi ƙwarai, kuma zafi na tayar wa alƙalamin nan da tsohon halinsa. Na ga tawada na taruwa a bakinsa tana shirin ɗigowa. Hankalina gaba ɗaya ya koma can. Kunnena na karɓa, hannuna na zubawa, amma zuciyata na kan bakin alƙalami, ina karkata shi, ina roƙonsa ya rufa mini asiri a shafin ƙarshe. Ana cikin haka tsohon ya yi shiru a tsakiyar magana. Na tsaya da alƙalamin a kan takarda ina jira. Shirun ya yi tsawo. Kafin in ankara ya saki ɗigo, ƙato, ya jiƙe wurin sharkaf. Na yi tsaki a raina, na ce gobe idan ya fito zan bi shi da reza. Can ya ci gaba, muka cika shafin.

Ya ce, "An gama? Miƙo in ji nauyinsa."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya shafa bangon, ya jinjina shi, ya laluba ƙasan jirgi ya jawo wata igiya ya ɗaure shi tamau. Na ɗauka don kada iska ta buɗe shi ne. Sai kawai ya saki littafin a cikin tafki.

Na ƙwala ihu. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, na ce, "Baba! Sati biyar!" Na yunƙura zan miƙe, jirgi ya karkata, ɗansa ya damƙo rigata ta baya. Kwalbar ta kife a kan ƙafata.

Tsohon na riƙe da igiya hankali kwance kamar mai jiran kifi ya ci ƙugiya. Ya ce, "Zauna, Malam. Littafin masunci ne. In bai san ruwa ba yau, ina nan da raina, yaushe zai sani?"

Ya jawo shi yana ɗiga. Na kwance igiyar, na buɗe. Giginyu bakwai na nan. Kasuwa na nan. Tsoho ya yi ƙarya na nan, sau uku. Kowane shafi baƙi ƙirin, takardar ta jiƙe amma rubutun ko gezau. Na fara dariya kamar taɓaɓɓe. Sai na iso shafin ƙarshe, na ga fari fat.

Na ce, "Baba, na yau ya tafi. Bai kwana ba."

Ya ce, "Af!" Ya yi dariya har da share ido. "Ni da na haɗa ta na manta halinta. Yau kuma wa za a rubuta wa takardar kifi?"

Na ce ya sake faɗa, gobe sai in zo gida da busasshiyar takarda. Ya girgiza kai, ya ce wata rana. "Nan babu abin da ke kama taru, Malam. Gidan laka ne, ya narke tun tuni." Ya ce wa ɗansa ya tayar da inji.

Na shanya littafin shafi-shafi a inuwa, na miƙa wa 'ya'yansa ban ko dubi ƙarshensa ba, don haushi. Ƙafata ta dama ta yi wata guda baƙa, har a masallaci ana tambayata ko lalle na fara. Ruwa ya dawo ya rufe kututture. Sau biyu na je da alƙalami na tuna masa shafin nan, sau biyun yana kawo wata hira. Kafin ruwa ya sake ja idon ya rufe gaba ɗaya, kuma bai daɗe ba bayan haka Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan an share makoki ɗansa babba ya kawo mini littafin in ƙara musu wani wuri da suka gano. Fatar ta yi baƙi da hannu, tana warin kifi da fetur. Ya ce tun da suka fara bin sa ba su sake barin taru a ruwa ba. Da ya tafi na zauna ina juya shafuka, maiɗakina ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Muka iso shafin ƙarshe.

Ba fari ba ne gaba ɗaya. A tsakiya, inda alƙalamin ya yi dalala ya jiƙe takardar har cikinta, ruwa bai iya kwashe komai ba. Ga ɗigon nan baƙi kamar ƙwayar dabino, kuma a gabansa kalmomi huɗu sun fito, dishi-dishi amma suna karantuwa: ƙofar Inna, ana sunkuyawa.

Na karanta mata. Ita a tudu aka haife ta, ba ta taɓa ganin kakarta ba, kuma ta ce mahaifinta bai taɓa yi musu zancen gidan nan ba ko sau ɗaya.

Ta ce, "Sai mi ya ce? Kai kaɗai ka ji, Malam. Shafi guda ka rubuta."

Na yi ta lalube a kaina. Akwai tsamiya, na tabbata, amma dama ko hagu ban sani ba. Akwai wani abu game da awaki. Shi ke nan. Na so in ƙirƙira mata, don ba wanda zai ƙaryata ni, amma na kasa. Na ce mata gaskiya, lokacin da yake faɗa bakin alƙalami nake kallo.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har da ta gindin mangwaro. Na jira ta yi mini faɗa, ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan ɗigon ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Nan ne ya yi shiru."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kada ka kankare shi."

Rezar na aljihuna, ban fito da ita ba.